Firinta tana cin takarda, kuma wani sifirin ya faɗo

Mai_Kwafi: Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka, firintata ta leza kullum sai takarda ta maƙale, jiya da na ciro katirij ɗin tona (gidan garin tawada) sai ga wani ɗan sifirin ya faɗo, ga aikin ɗalibai jibge.

Baban_Shago: Wa alaikumus salam. Cire wuta tukuna ta huce, fiyuza, wato sashen da ke gasa tawada a jikin takarda, na kai kusan digiri 200, sai ka ƙone. Takardar kuma ja ta a hankali ta inda take bi, kar ka fizga.

Injiniya: Malam goge robar da ke jan takarda da tsumma mai ɗan danshi, ƙura ke sa ta santsi. Amma kar ka kunna sai mai gyara ya mayar da sifirin ɗin.

Mai_Kwafi: Na gode, wallahi robar duk ta yi fari da ƙura.