Wata huɗu ke nan a Kumasi, hankalina na gida: ku ba ni shawara

Salama a gare ku, iyayena da yayyena. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ikilisiyarmu ta turo ni Kumasi, a ƙasar Ghana, aikin bishara na shekara 2, a ƙarƙashin wani fasto ɗan ƙasar nan.

Da aka ce Kumasi za ni, murna na yi, don an ce zango cike yake da masu jin Hausa. Na kama ɗaki a Aboabo, gidan haya mai ɗaki 11 da famfo ɗaya a tsakar gida. Hausa kam ana yi, sai dai ba irin tamu ba. Mace ma "ya zo" ake ce mata, su kuma suna cewa tawa Hausar ta rediyo ce.

Wannan duk mai sauƙi ne. A sati na biyu, mai shayin bakin layinmu, wanda kullum nake zama a bencinsa, ya ce bai taɓa ganina a masallaci ba. Na ce masa ni Kirista ne. Ya tsaya da gwangwanin madara a hannu yana kallona, ya ce, "Bahaushe, kuma Kirista?" Wurin ya yi tsit. Ba wanda ya zage ni, amma tun ranar ban ƙara zama a bencin ba.

Ran Lahadi kuma sujada da Twi ake yi, harshen Asantawa mutanen garin, awa uku, ni dai sai na ga an tashi in tashi. A zango harshe ɗaya muke, addini daban. A majami'a addini ɗaya, harshe daban. Da dare sai in ɗauko littafin waƙoƙi in rera ni kaɗai a hankali. Abinci ba ya shiga, na rame, sau biyu zazzaɓi yana kwantar da ni. Ƙarshen wata in an ce in aika rahoto gida, sai in rasa abin rubutawa. Shin in roƙa a mai da ni gida ne? Ko dai tun asali ba ni aka kira ba?

Wani tsohon mai bishara:
Ɗana, sannu da aiki. Na yi shekara 9 a wajen Tamale, kuma abin da ka faɗa duk na san ɗanɗanonsa. Watannin farko ɗoki ne ke riƙe mutum, in ɗokin ya kwanta sai kewa ta taso. Wannan ba alama ba ce ta rashin kira.

Kuskuren da nake hango maka ɗaya ne: ka ɗauka Hausa za ta ishe ka. Ƙasar Asantawa kake. Nemi matashi ɗaya a ikilisiya ya riƙa ba ka rabin awa kullum, ka fara da gaisuwa da ƙirge da cinikin kasuwa. In ka ce wa tsohuwa "medaase", wato na gode, za ka ga yadda fuskarta ta saki. Ran Asabar kuma kada ka zauna a ɗaki, ranar zaman makoki ce a Kumasi. Bi fastonka, ka sa baƙaƙen kaya, in za ka gaisa ka fara daga wanda ke dama ka bi layi zuwa hagu. A nan ake gane wanda ya zo zama da mutane.

Ka taɓa shiga majami'ar Ramseyer da ke Adum? Ramseyer ɗin nan Bature ne mai bishara, Asantawa suka kama shi a 1869, bai sami kansa ba sai 1874, sannan ya dawo Kumasi da ƙafarsa a 1896. Rahotonka kuwa, rubuta gaskiya: na koyi kalma kaza, na gaida gida kaza. Aiki ne.

Wani dattijo daga Asawase:
Ni Musulmi ne, a zangon nan aka haife ni, aka haifi ubana. Yaro, ka yi wa mai shayi mummunar fahimta. Mamaki ya yi, ba ƙiyayya ba. Mu nan mun tashi duk mai jin Hausa Musulmi ne, ko Bamoshe ne, ko Bazabarme, ko Kotokoli, ko Bafulatani. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ta Salaga, zango kuwa masaukin baƙi ne tun asali, to yaya za mu kori baƙo? Kai ne ka gudu, shi kuma yanzu yana can yana tunanin ko ya ɓata maka rai.

Zamanmu da Kirista a Ghana ba sabon abu ba ne. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika a Accra ranar Ista a 2019, lokacin da ya cika shekara 100. Amma bari in gaya maka abin da ba za mu so ba. Kada ka ɓoye aikinka, kada ka ja yaran mutane ɗaki ba da sanin iyayensu ba, kada ka taɓa mutuncin Annabi. Sa mai gidan hayarka ya kai ka ka gaida mai unguwa da liman, ka faɗa musu ko kai wane ne da bakinka. In ana suna ko rasuwa a gidanku, fito ka ɗauki benci tare da samari. Ba na maka fatan ka juya ko mutum ɗaya daga cikinmu, wannan gaskiyata ce, amma maƙwabci maƙwabci ne.

Wata uwa mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia:
Ɗana, ramar nan ce ta dame ni. Wa ya ce dole sai fufu? In za ka ci ma, ba a tauna shi, haɗiyewa ake da miya. Abincin gidanku yana nan kewaye da kai, suna kawai ya sauya. Waakye shinkafa da wake ne, karan dafi ke sa shi ja. Da safe ga koko da ƙosai a kowane lungu, da yamma ka tambayi inda ake tuwon zafi da miyar ayoyo. Ka sayi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ka roƙi wata uwa a gidanku ta nuna maka murhu. Sauron nan ba wasa, ka kwana a gidan sauro, kuma in jiki ya yi zafi a gwada jini kafin ka sha magani. In tsohuwa a kasuwa ta ce maka dubu goma kada ka firgita, sidi 1 take nufi, lissafin kafin canjin kuɗi na 2007 ne. Mahaifiyarka kuma ka tsai da rana ɗaya ta kiranta, ka tuna agogonsu ya riga namu da awa ɗaya.

Wani ɗan'uwa direba:
Malam, takardunka fa? Kwana 90 ECOWAS ta ba ka ba tare da biza ba, kai kuma ka ce wata huɗu. Yau ɗin nan ka tambayi fasto ina aka kwana kan izinin zama a ofishin shige da fice, da katin shaida na baƙi.

Wata 'yar'uwa:
Ƙanena, ni ban yarda a ce maka ka daure kawai ba. Na yi irin aikin nan a wata ƙasa, na ɓoye halin da nake ciki har na kwanta asibiti, aka dawo da ni. Waɗanda suka turo ka su san ba ka cin abinci, su san kewa na damunka. Ka ba kanka wata uku kana bin shawarwarin nan. In barci ya ƙaurace maka, ko ka ji rayuwa ta fita ranka, kada ka jira wata ukun, ka gaya wa fasto ka ga likita. Komawa gida ba zunubi ba ne. Markus ya rabu da su Bulus a Bamfiliya ya koma Urushalima, daga baya Bulus ɗin ne ya rubuta wa Timoti ya zo da shi, domin yana da amfani a gare shi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Takarduna fasto ya riga ya shigar, na ga rasit ɗin da idona. Yaya, na rubuta wa gida daren jiya, ban rage komai ba.

Baba na Asawase, da safen nan na koma wurin mai shayi. Yana hango ni ya ce, "Malam, ina ka shiga? Na aika yaro ɗakinka sau biyu." Ya soya mini ƙwai biyu, ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce jibi ana sunan ɗan ƙanensa, in zo da wuri. Mama, me ake kaiwa gidan suna a nan, kuɗi ko sabulu da zane?