Asusun Juma'a: musayar baitoci daga Birnin Kebbi

Ɗan Garuwan Badariya:
Salamu alaikum. Juma'ar da ta wuce mu tara muka zauna gindin dogon yaro bayan La'asar, 'yan garuwa da 'yan dako da mai wanki ɗaya, muka yi shawarar buɗe asusu. Na sa maganar a baiti. Mai amsawa ya ƙare da "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Ni mai tura kura, ɗan garuwa.

Jarka sha biyu a kan kura ɗaya,
Daga Badariya har bakin kasuwa.

Dubu 70 aka ce ƙaramin albashi,
A 2024 muka ji ana yayatawa.

To wa ya ɗauki ɗan garuwa aiki?
Wace takarda zai nuna, 'yan uwa?

Ran da taya ta fashe, ba a ɗora tukunya,
Ran da zazzaɓi ya kayar da ni, sai yunwa.

Mu zuba 200 duk ranar Juma'a,
Wanda ya faɗi ya samu abin dafawa.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, na ji kiranka na amsa,
Amma zaman naku akwai mantuwa.

Ku tara kuka zauna, duk maza ne,
Mu masu tanda ba mu san wahala ba, ko kuwa?

Kafin kiran assalatu na kai markaɗe,
Hayaƙi ya cinye mini idanduna, ga tsufa na tahowa.

'Yata na aikatau a wani babban gida,
Wanke-wanke, shara, raino, ba hutawa.

Wata uku ke nan ba ta ga sisi ba,
In ta tambaya a ce Hajiya na dawowa.

Asusunku zai karɓo mata haƙƙinta?
In zai iya, ga 200 ina miƙawa.

Baba Maigadi:
Yara, ku bar ni da "wa" ɗinku, ni da tawa zan zo.

Na ga jiya, na ga yau, ku saurara,
Adashe mun taɓa yi, mu sha biyu a jere.

Kwasata ce ta ƙarshe, na yi ta ƙirga,
Har na yi cinikin kwano zan rufe zaure.

Uban adashe ya ce zai je Aliero,
Sarin albasa, jibi yana tafe.

Shekara huɗu ke nan, ɗan garuwa,
Albasar nan ba ta iso ba, ni ko na tsufe.

Kuɗin talaka a hannun talaka?
Kura ce aka ba ajiyar nama ta ɓoye.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba ya karya amsa-amo, amma girmansa ya ci tarar. Allah ya huci zuciyarka, Baba.

Baba, ciwonka gaskiya ne,
Wanda maciji ya sara, igiya yake gujewa.

Amma tun Mayun 2023 da aka cire tallafi,
Lita ta haura 500, ba ta waiwayowa.

In na ba mai mashin balas da yamma,
Abin da ya rage ko gari ba ya sayowa.

Kwana tara na yi a kwance da karaya,
Mai wankin nan ne ke kawo mini kunu da kulawa.

Ba shi da asusu, daga aljihunsa ya yi,
Shi ya sa na ce a yi abin da tsari, a daina roƙon kowa.

Akwatin ƙarfe, kwaɗo uku, makulli uku,
Sai mutum uku sun haɗu ake buɗewa.

Littafi a hannun mai wanki, ya yi boko,
Duk Juma'a a karanta a gaban kowa.

Inna Mai Ƙosai:
Makulli ɗaya ku ba ni, zan ɗaure a bakin zane,
Akwatin dai kar ya kwana ɗakina, ba ni iyawa.

Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini,
Zancen 'yata kun bi ta kai kuna wucewa.

Ɗan Garuwan Badariya:
Inna, ki gafarce mu, laifinmu ne.

Wannan ba ta kuɗi ba ce, ta ƙafa ce,
Mu biyar mu je ƙofar gidan da gaisuwa.

Ba faɗa, ba ɗaga murya, sallama kawai,
Yarinya ita kaɗai ake iya korewa.

Sai dai muna son dattijo a gabanmu,
Mai furfurar da za a ji kunyar mayarwa.

Baba Maigadi:
Na gane inda kuka dosa, ja'irai. To ga "wa" ɗin taku.

Sisina ba zai shiga akwatinku ba,
Sai na ga wata uku littafi na daidaituwa.

Amma gidan can, ni zan yi sallama,
Shekara 20 ina gadi, na san yadda ake shigarwa.

Ina sauka aiki ƙarfe 6 na safe. Ku same ni Asabar a wurin tandar Inna, kuma ɗan kabu-kabu ne zai biya kuɗin ƙosai, tunda shi ya ce na karya amsa-amo.

Ɗan Kabu-kabu:
Na 300 kawai, Baba. Kunu kuma kowa ya zo da kuɗinsa.