Zan kama ɗaki a Danbare, me zan duba kafin in biya?

Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Ina aji biyu a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), sabon mazauni, kuma bana ban samu gado a cikin makaranta ba. Ni da abokina wani dillali ya nuna mana ciki da falo a Danbare, ya ce mu kawo kuɗin shekara da la'adarsa kafin Juma'a, wai akwai masu so. Mai gidan ba mu gan shi ba, an ce yana Abuja. Ban taɓa kama haya ba, ku taimaka da shawara.

Ɗan aji huɗu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, "akwai masu so" waƙar kowane dillali ce, kada ta tsorata ka. Ko sisi kada ka bayar sai ka ji muryar mai gidan ko ka zauna da wakilinsa. Je masallacin layin bayan la'asar, ko wurin mai unguwa, ka tambayi gidan waye, nan take za a gaya maka. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, sannan a ba ka rasit. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: ranar shiga, ranar cikar shekara, wa zai gyara rufi, wa zai biya kwasar sokawe. La'ada yawanci kashi 10 cikin 100 ce, kuma ana neman ragi.

Tsohuwar ɗaliba: Ni dai ruwa zan ce maka. A Rimin Gata na zauna. A watan Satumba aka nuna mana rijiya fal da ruwa, muka yi ta murna, Maris na kamawa sai guga ya riƙa dawowa da taɓo. Abin da muka ba 'yan garuwa kafin damina ya isa wani kuɗin hayar. Masu haya a gidan za ka tambaya, ba dillali ba. Ka kuma ɗaga kai ka kalli silin, tabo ruwan ƙasa alamar yoyo ce, ko da an shafe bango da sabon fenti.

Wani memba: Wuta fa? In mita mai kati ce, ɗauki lambarta ka je ofishin KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki, a duba ko na baya ya bar bashi. In kuma karo-karo ake yi, ka ji ɗaki nawa ne kuma wa ke da hita.

Wani uba: Yarona, sunayenku ku biyu su fito a takardar, zama da aboki ba ya rasa saɓani. Ranar da kuka tare ku sauya kwaɗo, ku ɗauki hoton duk abin da kuka tarar a lalace. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Mai tambaya: Amin Baba, na gode muku duka. Na kira dillalin na ce sai ya haɗa ni da mai gidan, ya ce yana kan babur zai kira ni. Tun jiya ke nan.