Atishawa da ƙaiƙayin ido duk hunturu, Piriton kuma na sa ni barci a kan aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, layin Kurna zuwa Bata nake yi. Mashin ɗin ba nawa ba ne, na wani ɗan uwan mahaifiyata ne, shi ya ba ni bayan shagon da muke haɗin gwiwa da yayana ya rushe, kuma kullum da yamma sai na kai masa balas ko an samu ko ba a samu ba. Ga iyali, ga kuɗin haya ya kusa. Shi ya sa ba ni da halin kwanciya a gida.

Duk shekara da zarar hazo ya sauko a watan Nuwamba sai in fara atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zubar da ruwa, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi. Da dare hancin ya toshe gaba ɗaya. Haka nake har wajen Maris. Piriton na taimaka mini, amma shekaranjiya barci ya ɗebe ni a danja da fasinja a baya. Ina kuma ɗiga Otrivin a hanci. Wani ya ce in je a yi mini allura ɗaya in huta. Me kuke gani?

Baban Ummi: Wa alaikumussalam. Je ka yi allurar nan kawai. Ni bara aka yi mini, har damina ban ƙara atishawa ba.

Malamar Jinya: Ƙanena kada ka yi allurar nan. Kenalog ce ko Dexa, dukansu sitiroyid ne, wato maganin da ke danne kumburi a jiki. E, za ka ji sauƙi, amma tana ɗaga suga da hawan jini, tana rage garkuwar jiki, in aka maimaita ta tana raunana ƙashi, kuma in ta shiga jiki ba mai iya fito da ita. Abin da ke damunka ba mura ba ce, jikinka ne ke faɗa da ƙura. Piriton tsohon magani ne, yana ratsawa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake kawo barci, a takardarsa ma an rubuta kada wanda ya sa wa barci ya yi tuƙi. Ka nemi loratadine mai miligiram 10, ƙwaya ɗaya a rana. Cetirizine ma haka ake shan ta, sai dai tana ɗan sa wasu gyangyaɗi, don haka ga direba na fi son loratadine. Tun yaushe kake ɗiga Otrivin ɗin? Kuma ƙirjinka yana yin fito da dare?

Mai tambaya: Na gode Anti. Otrivin tun farkon sanyin nan nake sa shi. Shi kaɗai ke buɗe mini hanci in samu barci, ba zan iya barinsa ba gaskiya. Loratadine na taɓa sha sau ɗaya, ban ga abin da ya yi ba.

Maman Sadik: Ku rabu da ƙwayoyin Bature. Ka tafasa tazargade da citta da kanumfari ka yi sirace, sannan zuma da man habbatus sauda safe da yamma. Ni matsalata ma ba ƙura ba ce, abokiyar zamana ce. Ta san sarai turaren wuta na tayar mini da ciwo, amma sai ranar girkina take cika tsakar gida da hayaƙi. Na gaya wa maigida har na gaji, cewa yake in yi haƙuri. Haƙuri har yaushe?

Malamar Jinya: Ƙanena, to ai ga matsalar nan. Otrivin ba a wuce kwana 7 ana ɗiga shi. In aka zarce, da ya sake ka sai hancin ya kumbura fiye da da, ka ƙara ɗigawa, haka za ka yi ta zagaye. Toshewar da kake ji yanzu har da shi a ciki. Ka fara daina sa wa ƙofar hanci ɗaya, in ta warware ka daina ɗayar. A madadinsa akwai feshin hanci irin su Avamys ko Beconase. Shi ma sitiroyid ne amma kaɗan ne, a hanci yake aikinsa, ba kamar allura ba. Kullum ake fesawa, kuma sai an yi kwanaki, wani lokaci mako biyu, kafin a ga cikakken aikinsa. In ka tashi daga aiki ka wanke hanci da ruwan gishiri: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ka sa takunkumi da tabarau a kan hanya. Maman Sadik, sirace na sassauta toshewa na ɗan lokaci, ban hana ba, amma ba ya tsayar da atishawar.

Ɗan Kasuwar Kwari: Anti kin san nawa Avamys yake yanzu kuwa? Talaka ya ci abinci ko ya sayi feshi? Mu titin unguwarmu aka tone aka watsar, ƙurar har cikin tukunya. Gara a yi maganar wannan.

Baban Ummi: Shi ya sa na ce allura. Sau ɗaya ka biya. Ni ga ni lafiya lau.

Malamar Jinya: Baban Ummi ka auna jininka da suganka bayan allurar? Kuma ƙanena, kada ka koma kan irin su Actifed, su ma akwai mai sa barci a ciki, ga wanda ke ɗaga jini. Har yanzu ba ka amsa mini maganar ƙirji ba. In kana tari da dare ko numfashi na yi maka wuya, wannan batun asma ne, sai ka ga likita, a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Mai tambaya: Anti zuwa asibiti wuni guda ne, wa zai biya mini balas ɗin ranar? Takunkumi kuma fasinja ba sa jin abin da nake faɗa. Tarin ba kullum ba ne. Ina ganin zan riƙa shan Piriton ɗin da dare kawai. Baban Ummi, nawa aka yi maka allurar?

Malamar Jinya: Wanda ka sha da dare yana iya kai ka har safiya da nauyin kai, kuma da asuba kake fita da mutane a bayanka.

Maman Sadik: Ni dai ba wanda ya ce mini komai kan maganar turaren.