Muhawara: Kare yana rasuwa ne ko mutuwa yake yi?

Mai gona: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma abin da ke raina yau ya fi ƙarfin shiru. Karena Duna, wanda ya yi shekara 11 yana gadin gonata da awakina a wajen Giwa, ya rasu ranar Talata da asuba. Tun damina ya fara ɗingishi, wani kumburi ya fito masa a ƙafar gaba, da na kai shi asibitin dabbobi a Zariya aka ɗauki hoto aka ce ciwon daji ne a ƙashi, kuma ya riga ya kai huhu, yanke ƙafar ba zai yi amfani ba. Mako ukun ƙarshe a gona na yi su. Na shimfiɗa masa buhu a gindin mangwaro, ina jiƙa tuwo da romo ina ba shi a tafin hannuna, domin ya daina iya miƙewa zuwa ga kwano. Ko a ranar da numfashinsa ya koma sama-sama, da ya ji ƙarar babur ɗina sai da ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu. Na haƙa rami a bayan rumbu na binne shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maƙwabtan gona da suka tsaya suna dariya, har wani ya ce da na jefar da shi a kwazazzabo ungulu ta samu abinci. Ina faɗa da babbar murya cewa mu Hausawa ba mu da tausayin kare, muna cin amfaninsa da dare, gari ya waye mu jefe shi da dutse.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Na karanta, kuma na tausaya maka, sai dai akwai gyara guda da ba zan iya tsallakewa ba. Kare ba ya rasuwa. Mutum ne yake rasuwa, shi ake cewa ya riga mu gidan gaskiya ko ya kwanta dama, dabba kuwa mutuwa take yi, idan kuma ba a yanka ta ba ta zama mushe. Duk wanda ya ji an ce "ya rasu ranar Talata da asuba" zai fara salati ne yana tambayar lokacin jana'iza.

Hajiya: Haba Malam, bawan Allah ya zo da raunin zuciya, kai kuma ka tare shi da jan alƙalami. Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri, ya musanya maka da alheri. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma shekara 11 ba kwana 11 ba ne.

Malamin Hausa: Hajiya, ban hana shi kuka ba. Kalma na gyara, domin 'ya'yanmu suna karanta abin da muke rubutawa, kuma idan muka bar wannan ta wuce, gobe za mu ji ana cewa marigayi kare.

Ɗan farauta: Ni ban yarda da wannan gyaran ba. "Rasu" daga "rasa" ta fito, kamar yadda "gyaru" ta fito daga "gyara", "taru" daga "tara". Wanda ya rasa abin da yake ƙauna yana da ikon cewa abin ya rasu. Na tashi a gidan mafarauta, na ga kakana ya kwana biyu bai ci abinci ba saboda karyarsa da gyadon daji ya farke wa ciki, kuma babu wanda ya isa ya yi masa dariya a garinmu. Ku mutanen birni ne kuka ɗauki kare abin ƙyama, saboda ba ku taɓa kwana a dawa da shi ba.

Malamin Hausa: Asalin kalma daban, yadda jama'a suke amfani da ita daban. Ka kawo mini littafi ɗaya ko jarida ɗaya da aka rubuta cewa akuya ta rasu.

Ɗan farauta: Kai ma ka kawo mini inda aka rubuta cewa haramun ne. Kuma ba akuya muke magana a kai ba.

Ustaz: Ina ganin kun bar muhimmin abu kuna jayayya a kan ƙarami. Tun farko me ya kai Musulmi ga shaƙuwa da kare har haka? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare, kuma wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum. Sannan ɗan'uwanmu ya ce a tafin hannunsa yake ba shi abinci, alhali yawun kare najasa ne, an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai. Amfani da "rasu" alama ce ta yadda muke kwaikwayon Turawa masu ɗaukar kare kamar ɗa.

Almajirin zaure: Allah ya gafarta Malam, ka kawo rabin hadisi ka bar rabi. Hadisin rage lada ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, kuma Duna na gona ne, da bakin mai shi. Game da najasa kuwa, wannan fahimtar Shafi'iyya ce. A mazhabar Imamu Malik, wadda iyayenmu suka karanta a Risala da Mukhtasar, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, wankin nan sau bakwai kuma bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Allah ya halatta mana abin da karen farauta ya kamo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, da bakinsa kuma yake kamowa. Ka tuna da mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ka tuna da karen Ashabul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata yana shimfiɗe da hannuwansa a bakin kogo.

Ustaz: Mu hadisi muke bi, ba maganar maza ba.

Almajirin zaure: Imamu Malik a Madina ya karantar da hadisi, kuma shi ma ya rawaito hadisin wanke ƙwaryar. Wannan raina karatun magabata da kuke yi shi ne ya raba kan garuruwanmu.

Ustaz: Su wa kake nufi da "kuke"? Ka fito fili ka faɗa, kada ka yi mana shaguɓe.

Likitar dabbobi: Don Allah a ba ni dama in ce wani abu a kan ciwon kansa. Dajin ƙashi ya fi kama manyan karnuka idan sun tsufa, yana da zafi ƙwarai, kuma sau da yawa kafin a lura da ɗingishi ya riga ya bazu zuwa huhu, saboda haka mai gona kada ka zargi kanka da sakaci. Ina roƙon jama'a kada a riƙa bai wa kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana ɓata masa ciki da ƙoda. Idan wahala ta yi yawa kuma babu sauran magani, akwai allurar da likita yake yi domin a hutar da dabba ba tare da azaba ba.

Alhaji: Likita, da girmamawa, kina nufin a biya kuɗi a kashe kare da allura, bayan an biya an ɗauki hotonsa? A unguwarmu akwai marayun da ba su karya kumallo ba. Wannan kuɗin da aka kai asibiti da ya sayi kwanon masara nawa?

Hajiya: Alhaji, kai da kake kiwon dawakin sallah, nawa kake kashe musu a dusa da harawa? Ba mu taɓa jin ka lissafa su da kwanon masara ba.

Alhaji: Doki ba kare ba ne, Hajiya, kuma ban so kika sako dukiyata a cikin wannan magana ba.

Mai gona: Ni dai ban zo neman fatawa ba, ban kuma ce a yi wa Duna salla ba. Bai taɓa shiga ɗakina ba. Na ce an yi mini dariya ina binne dabbar da ta kori ɓarayin awaki daga gonata har sau biyu, kuma har yanzu, in ban da Hajiya da Likita, babu wanda ya ce uffan a kan wannan. Kalmar da ta zo bakina ita na rubuta.

Ɗan farauta: Kada ka janye ta, ɗan'uwa.

Malamin Hausa: Ba a gyara harshe da tausayi. Ina nan a kan bakana.

Shugaban zaure: 'Yan'uwa, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun gamsu da bayanin Malamin Hausa, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da wannan harshe, cewa "mutu" ita ce daidai ga dabba, kuma waɗanda suka ja da shi ba su kawo hujja rubutacciya ba. Batun najasa akwai saɓanin malamai, amma ni a ganina nisantar kare ya fi zama kariya ga addinin mutum, kamar yadda Ustaz ya nuna. Maganar Alhaji a kan marayu ita ma abin dubawa ce. Zargin da aka yi wa Hausawa na rashin tausayi kuwa bai tabbata ba, tunda ga shi an yi wa mai gona jaje a nan. Muna roƙonsa ya gyara kalmar a rubutunsa na farko. Na rufe wannan magana, duk wanda ya sake tayar da ita zan goge saƙonsa.