Da me zan fara zana fuskar manhaja kafin in shiga Figma?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina koyon zanen manhaja ne, sai gwaggona da ke riƙe adashin matan layinmu ta ce in haɗa mata wani abu a waya da za ta dinga ganin wa ta zuba wa ta kwasa. Na kwana uku a Figma, dandalin da ake zana fuskar manhaja a cikinsa, na yi shi tsaf har da kala, da na nuna mata sai cewa ta yi koren nan bai yi mata ba a sa ruwan goro, wallahi awa guda muka yi kan kala, sai da na koma gida na lura ban ma sa inda za a rubuta wadda ta yi lattin zubi ba. Ga laptop ɗina ba ƙarfi, ram 4 ne, ga data ga wuta. Da me kuke fara zanen farko?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai laifinka ne ba na gwaggo ba, duk wanda ka nuna wa abu ya yi kyau zai ɗauka an gama, sai ya koma kan kwalliya. Shi ya sa Balsamiq, shi ma abin zana fuskar manhaja ne, tun da ya fito a 2008 da gangan suka yi shi kamar zanen fensir, layuka a karkace, rubutu kamar na hannu, mai kallo ya san zai iya cewa a goge nan ba tare da jin nauyinka ba. Matsalarsa kawai na kuɗi ne kuma da dala.

'Yar Zariya: Excalidraw za ka buɗe malam, kyauta ne ko rajista ba ka buƙata, a burauza yake kuma shi ma zanensa kamar na hannu, in ka buɗe shi sau ɗaya da data ko an ɗauke sabis yana ci gaba da aiki. Amma ka dinga ajiye fayil ɗin a kwamfutarka, don a cikin burauzar yake adana aikin, ni na taɓa share tarihinta zanen sati guda ya tafi, har yanzu abin na min ciwo.

Wani mamba: Ko draw.io, akwai wanda ake saukewa a kwamfuta ba ruwansa da intanet. Kar dai wani ya tura ka Sketch, sai kwamfutar Mac yake hawa, Adobe XD kuma sun daina masa sabon aiki.

Tsohon hannu: Ni fa kafin duk wannan takarda da biro. Ka yanka takardu daidai girman wayarta, kowane shafi takarda ɗaya, ka ce gwaggo ga shi wata ta kawo zubin yau nuna min ina za ki danna, kai kuma kana canja takardar da hannu kamar kai ne wayar. Kar ka yi mata bayani, ka yi shiru ka ga inda yatsarta za ta tsaya. Sai an daidaita nan ka koma Figma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe bayan la'asar zan kai mata takardun, zan ma roƙe ta ta ara min littafin adashin in ga yadda take jera sunayen da kanta. Ruwan goron kam ta riga ta ce ba ta janye ba.