Ubuntu Server ta ƙi tashi bayan vgrename, tana tsayawa a (initramfs)

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman agaji kan wata saba mai Ubuntu Server 22.04. Da LVM (tsarin raba faifai na Linux) aka girka ta, yadda mai girkawa ke tsarawa da kansa: SSD ɗaya mai 480GB, sda1 na EFI, sda2 na /boot, sda3 na LVM. Na jona faifan wata tsohuwar na'ura don in kwashe fayiloli, sai LVM ya ce akwai VG (rukunin faifai na LVM) biyu masu suna ubuntu-vg. Na ɗauki UUID (lambar shaida) ɗaya daga sakamakon `vgdisplay`, na yi `vgrename` zuwa tsoho-vg. Ban kai ga kwafar komai ba wuta ta ɗauke, na'urar ta mutu.

Yanzu abu biyu nake gani. Idan tsohon faifan na jone, tana tashi, amma sunan tsohuwar na'urar ke fitowa a allo, kuma babu intanet. Idan na cire shi, sai ta jira kamar daƙiƙa 30 ta rubuta:

```
Gave up waiting for root file system device.
ALERT! /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv does not exist. Dropping to a shell!
(initramfs)
```

Faifan ne ya lalace saboda ɗaukewar wutar? Ko sai na sake girkawa?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Malam kada ka sake girka komai tukuna, kuma ka daina tayar da ita da tsohon faifan a jone. Cire shi ka ajiye a gefe.

Isowarka (initramfs) ma labari ne mai daɗi. Ma'anarsa GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, ya karanta /boot, ya loda kanel da initrd lafiya. Abin da ya gagara shi ne mataki na gaba: ƙaramin tsarin nan na wucin gadi ya nemo LV (yankin da aka yanka daga VG, a nan shi ke ɗauke da /) ɗin da aka faɗa masa, ya kunna shi, ya miƙa masa ragama. Tsakanin faifai da wannan LV hawa uku ne (ɓangaren faifai, sai PV wato shaidar LVM a kan ɓangaren, sai VG), kuma daga ƙasa ake bin su. A cikin initramfs babu `vgs` da `lvs` a matsayin umarni masu zaman kansu, sai ka sa `lvm` a gaba:

```
cat /proc/cmdline
cat /proc/partitions
lvm pvs
lvm vgs
lvm lvs
lvm vgchange -ay
ls /dev/mapper
```

Na farko zai nuna sunan da GRUB ya miƙa a `root=`. Na biyu zai nuna ko kanel yana ganin faifan kwata-kwata. In babu sda a wurin, batun ba na LVM ba ne, ko waya ce, ko direba, ko an sauya yanayin SATA a BIOS daga AHCI zuwa RAID. In sda3 na nan amma `pvs` bai nuna shi ba, to a nan ne ake fara maganar lalacewar bayanan LVM. In kuwa duk sun fito, sai ka kwatanta abin da ke /dev/mapper da abin da ke `root=`, harafi bayan harafi. Turo mana abin da ka gani.

Mai tambaya

Na gode Malam. sda1, sda2 da sda3 duk suna nan. `pvs` ya nuna /dev/sda3 a ƙarƙashin tsoho-vg. `lvs` ya nuna ubuntu-lv mai 100G. Bayan `vgchange -ay`, a /dev/mapper akwai control da tsoho--vg-ubuntu--lv. Na buga `exit` amma ta sake dawo da ni wuri ɗaya.

Amsa ta biyu

To ai ga amsar nan a layin `pvs`, ɗan'uwa. sda3 faifan sabar ne, kuma shi ne yanzu ke ɗauke da sunan tsoho-vg. UUID ɗin VG ɗinka ka kwafa, ba na baƙon faifan ba. Bayananka suna nan cif, suna kawai ya sauya. LVM yana yarda a sauya wa VG suna ko da ana kan aiki da shi, shi ya sa ba ka ga wani gargaɗi ba a lokacin.

Wannan shi ya bayyana abubuwa biyun da ka gani. A grub.cfg an rubuta `root=/dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv`, da suna, ba da UUID ba, domin idan tushen tsari yana kan LVM rubutun da ke haɗa grub.cfg sunan na'urar yake sakawa. Da tsohon faifan a jone, akwai mai amsa wannan suna, sai kanel ɗinka ya hau tsarin tsohuwar na'ura. Rashin intanet kuwa, fayil ɗin netplan na can yana kiran katin da babu shi a wannan na'urar, kuma wataƙila /lib/modules na can ba shi da direbobin wannan kanel ɗin. Duk tashin da ka yi a haka rubutu ake yi a kan faifan da ka zo kwashe wa kaya. Da aka cire shi kuma, babu mai amsa sunan. `exit` ba zai yi aiki ba, tunda har yanzu tsohon suna initramfs ke jira.

Game da layuka biyun nan (--) na tsakiyar sunan, ba kuskuren rubutu ba ne. A /dev/mapper layi ɗaya ne ke raba sunan VG da na LV, don haka duk layin da ke cikin sunan kansa sai a ninka shi. tsoho-vg da ubuntu-lv sun zama tsoho--vg-ubuntu--lv. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe idan suna gyara da hannu.

Ga hanya mafi gajarta, ba ka buƙatar filashi:

Sake kunna ta. In menu na GRUB bai fito da kansa ba, danna Esc sau ɗaya tunda UEFI ce (a tsohon BIOS Shift ake riƙewa). In ka danna da yawa ka faɗa `grub>`, rubuta `normal`. A kan zaɓin farko danna e, ka sauka layin da ya fara da `linux`, ka mayar da shi `root=/dev/mapper/tsoho--vg-ubuntu--lv`, sannan Ctrl+X ko F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne, ba ya taɓa fayil.

Da ka shiga, tabbatar tsohon faifan ba ya jone, sannan:

```
sudo vgrename tsoho-vg ubuntu-vg
sudo reboot
```

Shi ke nan. grub.cfg ɗinka bai taɓa sauyawa ba, yana nan da ubuntu--vg, ka mayar masa da abin da yake nema. Kada ka buga `update-grub` tsakanin umarnin nan biyu.

In kana son ganin abin da ya faru da idonka, duba /etc/lvm/archive. Kafin kowane sauyi LVM yana ajiye kwafin tsarin VG a can, kuma a saman kowane fayil akwai layin `description` mai ɗauke da ainihin umarnin da aka buga.

Amsa ta uku

Bayanin Malam daidai ne, amma ni ban goyi bayan komawa ubuntu-vg ba. Matsalar ta faro ne daga faifai biyu masu suna ɗaya, kuma har yanzu bai kwashe kayansa ba. In ya mayar da sunan, ya jona wancan faifan, ya kunna, VG biyu za su amsa suna ɗaya tun a initramfs, kuma ba abin dogaro ba ne wanda za a ɗauka ko ma a ƙi kunna kowanne. Duk Ubuntu Server da aka girka ba tare da an taɓa tsarin ba ubuntu-vg ne sunanta, don haka karon zai maimaita kansa duk ranar da aka jona faifan wata. Gara sabar ta samu sunanta na kanta, kuma mara layi a ciki, misali vgsaba, don a huta da ninkawa.

Sai dai jerin aikin yana da tarko. In ka yi `vgrename` kana cikin tsarin, ka bi shi da `update-grub` nan take, za ka ga:

```
grub-probe: error: failed to get canonical path of ...
```

Dalili: grub-probe yana tambayar kanel da wane suna aka ɗora /, kanel kuwa yana riƙe da sunan da aka tashi da shi, wanda yanzu babu shi a /dev/mapper. Don haka a bi haka: yi `sudo vgrename tsoho-vg vgsaba`, sake kunnawa, danna e a GRUB karo na biyu, saka `root=/dev/mapper/vgsaba-ubuntu--lv`, shiga. Yanzu sunan da aka ɗora da na gaskiya sun yi daidai. Sannan:

```
sudo grep -rnE "ubuntu--vg|ubuntu-vg|tsoho" /etc/fstab /etc/crypttab /etc/default/grub /etc/initramfs-tools
sudo update-initramfs -u -k all
sudo update-grub
grep "root=" /boot/grub/grub.cfg
```

A Ubuntu Server yawanci fstab ba ya buƙatar gyara, saboda mai girkawa yana rubuta / da hanyar /dev/disk/by-id/dm-uuid-LVM-..., wadda aka gina daga UUID na VG da na LV, kuma sauya suna ba ya taɓa su. A Debian kuwa sunan /dev/mapper ne a fstab, dole a gyara. Haka in swap ɗinka LV ne, ba fayil ɗin /swap.img ba, duba /etc/initramfs-tools/conf.d/resume. In ka bar tsohon suna a `RESUME=`, za ta tashi, amma kullum sai ta ɓata lokaci tana jiran abin da babu shi, ta rubuta "Gave up waiting for suspend/resume device".

Kada ka sake kunnawa sai layin `grep` na ƙarshe ya nuna sabon suna a kowane zaɓi.

In ka zo kan tsohon faifan, umarnin da zai hana ka sake ɗaukar UUID ɗin da ba shi ba:

```
sudo vgs -o vg_name,vg_uuid,pv_name
```

Yana sa suna, UUID da faifai a layi ɗaya. `vgdisplay` haka kawai ba ya nuna faifan da VG ke kai, shi ne ya ruɗe ka. Wani abu kuma: in faifan kwafi ne da aka yi da `dd` ko aka kwafi na'urar bogi, ba suna kaɗai ke karo ba, har UUID na PV da VG iri ɗaya ne. A nan `vgrename` ba zai raba su ba, `vgimportclone -n wanisuna /dev/sdb3` ake yi, shi ke sauya duka.

Amsa ta huɗu

Malamai sun gama da wannan. Bari in ƙara don wanda zai ga saƙon kuskure iri ɗaya amma `lvm pvs` ya ba shi wata amsa daban, domin saƙon ɗaya ne, cututtukan sun bambanta.

In aka ce `lvm: not found`, initrd ɗin ne aka haɗa babu kayan LVM a ciki, ko an cire kunshin lvm2 bisa kuskure. Fara gwada tsohon kanel daga Advanced options. In bai yi ba, sai filashi mai Ubuntu:

```
sudo vgchange -ay
sudo mount /dev/mapper/vgsaba-ubuntu--lv /mnt
sudo mount /dev/sda2 /mnt/boot
sudo mount /dev/sda1 /mnt/boot/efi
for d in dev dev/pts proc sys run; do sudo mount --bind /$d /mnt/$d; done
sudo chroot /mnt
apt install --reinstall lvm2
update-initramfs -u -k all
update-grub
```

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na ɗaya, manta ɗora sda2 a /mnt/boot: sabon initrd zai faɗa cikin /boot ɗin da ke kan LV, inda GRUB ba ya dubawa, umarni ya gama lafiya amma ba abin da ya sauya. Na biyu, amfani da `uname -r` a maimakon `-k all`: a cikin chroot lambar kanel ɗin filashi yake bayarwa, ba na faifan ba. Duba `df -h /boot` ma kafin ka fara, don in ya cika haɗa initrd zai tsaya da "No space left on device". Don tabbatarwa, `lsinitramfs /boot/initrd.img-<lamba> | grep sbin/lvm` ya kamata ya fito da layi.

Wanda ya fi haɗari shi ne in ka ga "Couldn't find device with uuid" tare da "Refusing activation of partial LV". Wato an faɗaɗa VG zuwa faifai na biyu da `vgextend`, an miƙa / a kansa, yanzu kuma ba a ganin faifan. LVM ya ƙi kunna LV ɗin ne da gangan, saboda wani sashe nasa ba ya nan. Nemo faifan: waya, wuta, direba. In yana jinkirin bayyana ne, kamar na USB, `rootdelay=60` a layin kanel na iya isa. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne `vgreduce --removemissing --force`. Ana yawan ba da shi a matsayin magani, alhali yana goge duk LV ɗin da ke da ƙafa a kan faifan da ya ɓace, har da / ɗinka. In faifan ya mutu da gaske, daga filashi a yi `vgchange -ay --activationmode partial`, a ɗora da `-o ro`, a kwashe abin da ya rage zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Masu Rocky, AlmaLinux ko RHEL 9, hoton ɗaya ne amma kayan aikin daban. dracut ne a can, saƙon shi ne "dracut-initqueue timeout", kuma sunan yana wuri biyu a layin kanel, misali a Rocky: `root=/dev/mapper/rl-root` da `rd.lvm.lv=rl/root`, ga kuma `rd.lvm.lv=rl/swap`. dracut abin da aka lissafa masa kaɗai yake kunnawa, in ka gyara ɗaya ka bar ɗaya ba za ta tashi ba. Ana sauya su da `grubby --update-kernel=ALL` tare da `--remove-args` da `--args`, sannan `dracut -f --regenerate-all`. Akwai kuma /etc/lvm/devices/system.devices, jerin faifan da LVM zai kalla. In an sauya faifai ko an kwafi na'ura lambar shaidarsa ta canza, `lvmdevices --check` zai nuna, `lvmdevices --update` ko `vgimportdevices -a` su gyara.

Mai tambaya

Alhamdulillahi ta tashi. Na bi hanyar sabon suna, vgsaba, na gyara GRUB da e sau biyu kamar yadda aka ce. fstab bai buƙaci komai ba, dm-uuid ne a ciki, kuma babu fayil ɗin resume tunda /swap.img nake da shi. Na jona tsohon faifan ta USB bayan ta gama tashi, `vgs` ya nuna ubuntu-vg a kan /dev/sdb3, na ɗora shi da `-o ro` ina kwashewa yanzu. Allah ya saka da alheri, Malamai.

Amsa ta biyu, ƙari

Amin. Kafin ka zare shi daga USB, yi `umount`, sannan `sudo vgchange -an ubuntu-vg`. In ka zare yana kunne, LV ɗin zai maƙale a /dev/mapper yana jefa kurakuran I/O, kuma in ka sake jona faifan zai iya zuwa da wani harafi, sdc maimakon sdb, alhali tsohuwar taswirar tana nuna sdb. Sannan ka kwafi /etc/lvm/backup/vgsaba zuwa wani wuri da ba wannan sabar ba. Ƙaramin fayil ne na rubutu, shi `vgcfgrestore` ke buƙata in bayanan LVM na sda3 suka lalace, kuma a yanzu kwafinsa yana zaune ne a cikin LV ɗin da zai ceta.